Me risiba ke nema idan an danna SCAN? Sharhi kan neman mita a makirufo maras waya

Duk wanda ya saba halartar walimar biki, ko tafsirin watan azumi, ko gangamin siyasa, ya san wannan lokacin. Mai jawabi ya riƙe makirufo maras waya, magana ta yi nisa, sai murya ta ɗauke. Ta dawo, ta sake ɗaukewa. Wani sa'in lasifika ta yi ƙara kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai, wani sa'in kuma muryar wani mutum dabam, daga ɗakin taron da ke maƙwabtaka, ta faɗo cikin taron. Idanu su koma kan yaron da ke zaune gaban miksa. Shi kuma ya miƙa hannu ga ɗan akwatin nan mai eriya biyu, ya danna maɓallin da aka rubuta SCAN a kansa, alhali makirufon na kunne a hannun mai jawabi. Lambobi su yi ta gudu a fuskar akwatin, su tsaya a wata sabuwar lamba, sauti kuma ya ɗauke gaba ɗaya.

A nan ne ake fara zargin na'ura, ko a ce jabu aka sayo. Sau da yawa kuwa na'urar ta yi daidai abin da aka ƙera ta ta yi. Mutane da dama, har da wasu masu ba da hayar kayan sauti, sun ɗauka cewa idan an danna wannan maɓalli, akwatin yana neman makirufonsa ne. A yawancin na'urori akasin haka yake yi: wurin da babu kowa yake nema, kuma duk inda ya ji motsi, ko da motsin makirufonsa ne, kauce masa yake yi.

## Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Makirufo maras waya 'yar ƙaramar tashar rediyo ce mai gida biyu. Gida na farko shi ne mai aikawa, wato ɓangaren da ke cikin makirufon hannu, ko ɗan akwatin da ake maƙalawa a ƙugu a jona masa makirufon kwala. Gida na biyu shi ne risiba, akwatin da ke karɓar saƙon daga iska ya miƙa shi ga miksa ta waya. Sunan ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa kafa tauraron ɗan Adam a gida, domin aikin iri ɗaya ne: karɓa kawai take yi.

Mita kuma kalma ce da masu sauraron rediyo suka daɗe da sani. Asalinta daga awon tsawon igiyar rediyo ne, shi ya sa ake cewa mita 16 ko mita 19 a gajeren zango. A yau kalmar ta zama sunan lambar da ake kama tasha a kanta, kuma da wannan ma'ana za a yi amfani da ita a nan. Ana auna ta da megahaz, wato kaɗawar igiya sau miliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Sunan megahaz ya samo asali daga Heinrich Hertz, masanin kimiyyar Jamus da ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a ƙarshen shekarun 1880. Zango shi ne faɗin filin da mitoci suke ciki. Rediyon FM yana tsakanin megahaz 87.5 da 108. Mafi yawan makirufo na ƙwararru suna zaune a zangon UHF, daga 470 zuwa wajen 700, wanda tun asali filin tashoshin talabijin ne.

Wannan zaman haya shi ne tushen kusan dukkan matsalar. Makirufo yana fitar da ƙarfin da bai wuce miliwat 10 zuwa 50 ba, miliwat kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na wat guda. Tashar talabijin tana watsa shirinta da dubban wat. Idan suka haɗu a mita ɗaya, babu tambaya kan wanda za a ji.

Sauran kalmomi biyu su ne rukuni da gurbi. Kamfanoni suna zaɓo wasu mitoci da suka lissafa cewa za su zauna lafiya da juna, su tara su wuri guda. Wannan tarin shi ne rukuni, kowace mita a cikinsa kuma gurbi ce. Sennheiser ew 100 G3, wadda ta yaɗu sosai a duniya, misali ce mai kyau: faɗin zangonta megahaz 42 ne, wanda aka yanka zuwa mitoci 1,680, amma an shirya su cikin rukunai 20, kowanne da gurabe da ba su wuce 12 ba. Dalilin wannan ƙarancin zai bayyana a gaba.

## Nema iri biyu ne, sunansu ɗaya

Ruɗanin ya samo asali ne daga rediyon mota da talabijin. A can, idan an yi sikanin, na'urar tana tsayawa ne a inda ta ji tasha. Mutum ya saba da haka tun yana yaro, sai ya zo gaban risibar makirufo da wannan tunani.

Sikanin risiba yana bin mitocin zangonta ɗaya bayan ɗaya, yana auna ƙarfin igiyar da ke kowacce, sannan ya ba da wadda ta fi shiru. Idan makirufon da ake son haɗawa yana kunne a lokacin, risiba za ta ji shi a matsayin wani baƙo da ya riga ya mamaye wurin, ta tsallake shi, ta koma wata mitar. Makirufo na nan a tsohuwar lamba, risiba ta koma sabuwa, magana ta yanke. Abin da ya sami yaron da ke gaban miksa ke nan.

Akwai nema na biyu, wanda shi ne ainihin neman mai aikawa, sai dai ba kowace na'ura ke da shi ba. Kamfanin Sony, a jerin UWP-D da masu ɗaukar bidiyo ke ɗorawa a kan kyamara, ya raba ayyukan biyu da suna daban-daban: Clear Channel Scan yana neman gurbin da babu kowa, Active Channel Scan kuma yana neman makirufon Sony da ke kunne a cikin rukunin da aka zaɓa. Na biyun yana da amfani idan kyamara biyu suna son ɗaukar muryar mutum ɗaya, domin risiba goma ma za su iya sauraron makirufo guda, kamar yadda gari guda ke sauraron tasha ɗaya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne makirufo biyu a mita ɗaya: risiba za ta kama wanda ya fi ƙarfi, ko su cakuɗe su zama ƙara.

Idan risiba ba ta da wannan nema na biyu, kuma fuskar makirufon ta fashe har ba a ganin lambarsa, akwai dabara. A kunna shi kusa da risiba, a riƙa sauya gurbi da hannu ana kallon ma'aunin da aka rubuta RF, wanda ke nuna ƙarfin igiya. Inda ma'aunin ya cika, ya kuma faɗi da zarar an kashe makirufon, nan ne mitarsa. Amma samun mita ba shi ne samun sauti ba, musamman idan kamfanonin ba ɗaya ba ne. Yawancin na'urori suna aika wani siririn sauti na sirri tare da murya, sama da abin da kunnen ɗan Adam ke ji, kuma risiba ba ta buɗe baki sai ta ji shi. Haka nan kowane kamfani yana da hanyarsa ta matse murya kafin aikawa da warware ta bayan karɓa. Shi ya sa makirufon Shure a kan risibar Sennheiser ko dai ya yi shiru, ko murya ta fito a shaƙe.

## Yadda ake yi a tsare

Tsarin ba shi da wuya, jerin ne ke da muhimmanci. A kafa risiba a wurin da za ta yi aiki, da eriyoyinta a ɗaure. Sikanin da aka yi a shago a Sabon Gari ba ya faɗin komai game da ɗakin taro a Nasarawa. A kunna duk abin da zai yi aiki yayin taron: babban allon majigi na fitilu, kwamfutoci, na'urorin da mawaƙa ke sawa a kunne, da oba-oban masu tsaro. Allunan nan na fitilu musamman sun shahara wajen fitar da hayaniyar rediyo. Makirufon da ake son haɗawa shi kaɗai ne zai kasance a kashe.

Bayan risiba ta zaɓi gurbi, sai a kunna makirufo a kai shi wannan lamba. A na'urori irin su Shure SLX da Sennheiser G3 da G4 ana yin haka ne ta maɓallin SYNC: a buɗe murfin batir, a fuskantar da 'yar tagar da ke jikin makirufon ga ta risiba, sai lambar ta tsallaka ta hasken da ido ba ya gani, irin wanda rimot ɗin talabijin ke amfani da shi. A Shure BLX babu wannan taga. Da hannu ake danna rukuni da gurbi a jikin makirufon har su yi daidai da na risiba.

Idan makirufo ya wuce ɗaya, doka ta ɗan sauya, kuma a nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Wanda aka gama haɗawa a bar shi a kunne, a ajiye shi 'yan taku nesa da eriya, sannan a yi sikanin risiba ta biyu a cikin rukuni ɗaya da ta farko. Ta haka ta biyun za ta ji cewa gurbin farko yana da mai shi. Idan aka kashe duka aka yi wa risiba huɗu sikanin, babu mamaki dukkansu su zaɓi gurbi ɗaya, tunda kowacce shi ta ji ya fi shiru.

## Makirufo biyu, mita huɗu

Me ya sa na'ura mai mitoci 1,680 ba ta ba da gurbi fiye da 12 a rukuni? Saboda idan masu aikawa biyu suka kusanci juna, ko igiyoyinsu suka shiga risiba da ƙarfi, suna haifar da wasu mitoci na daban waɗanda babu wanda ya kunna su. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka mita ta farko sau biyu, a cire ta biyu. Makirufo a kan 520 da wani a kan 521 za su haifi 'ya'ya a kan 519 da 522. Wanda ya ɗora makirufo na uku a kan 522, yana ganin ya bar tazara daidai wa daida, ya ɗora shi ne a kan ƙaya.

Abin da ya sa matsalar ke ruɗa mutane shi ne ba ta bayyana sai makirufon biyu sun haɗu. An gwada kowanne shi kaɗai da rana, lafiya lau. Da dare sanƙira da mawaƙi suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a kan dandamali, sai makirufon uwar amarya da ke can gefe ya fara tsatsa. Yawan waɗannan 'ya'yan mitoci yana ƙaruwa da sauri ƙwarai duk lokacin da aka ƙara makirufo ɗaya. Rukunan da kamfani ya shirya an lissafa su ne don kauce wa wannan, shi ya sa cakuɗa gurbi daga rukuni na 1 da wani daga rukuni na 5 yake rushe lissafin. Wasu sababbin na'urori na dijital, irin su Sennheiser EW-D, an ƙera su yadda za a iya jera mitocinsu da tazara iri ɗaya ba tare da wannan illa ba, amma tsofaffin da suka cika hannun masu haya ba haka suke ba.

## Filin da ke ƙanƙancewa

Sikanin yana samo fili ne idan akwai filin. Cikin shekaru ashirin da suka wuce, filin ya ragu ta fuska biyu.

Ta farko ita ce komawar talabijin tsarin dijital. A Afirka da Turai kowace tashar UHF tana da faɗin megahaz 8. Tsohuwar tasha ta analog tana tara ƙarfinta a wasu 'yan wurare a cikin wannan faɗi, ta bar ramuka da mai wayo zai iya cusa makirufo. Ta dijital kuwa cike faɗin take yi daga bango zuwa bango. A risibar da zangonta ya kama daga 516 zuwa 558, tashar dijital ɗaya tak tana cinye mitoci 320 cikin 1,680. Yarjejeniyar Geneva ta 2006, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, ta sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin wannan sauyi a zangon UHF. Najeriya ta fara nata a Jos a Afrilun 2016, sai Abuja a ƙarshen shekarar, Kaduna a 2017, Kano kuma a 2021, ƙarƙashin kulawar hukumar NBC. StarTimes da GOtv, masu kamawa da eriyar kan rufi, su ma a wannan zango suke watsa shirye-shiryensu.

Ta biyu ta fi tsanani: an yanke saman zangon an ba kamfanonin wayar salula. A Amurka hukumar FCC ta haramta makirufo a tsakanin 698 da 806 tun daga 12 ga Yunin 2010, sannan bayan gwanjon mitocin da aka kammala a 2017, ta ba masu makirufo wa'adin 13 ga Yulin 2020 su fice daga mafi yawan zangon 600. A Ingila an tashe su daga tasha ta 69 aka mayar da su ta 38, wato 606 zuwa 614. A ɓangaren duniyar da Afirka ke ciki, an ware zangon 800 sannan na 700 domin intanet na waya. Kamfanonin waya a Najeriya, ƙarƙashin lasisin hukumar NCC, suna aiki da zangunan biyu. Sayen Visafone da MTN ta yi a 2016 ya shafi mitocin 800 da Visafone ke riƙe da su.

Wannan ya shafi mai sayen kayan gwanjo kai tsaye. Na'urar da aka daina amfani da ita a Turai ko Amurka saboda zangonta ya fita daga doka ba ta lalace ba, tana nan da kyaunta, kuma tana iya ƙarewa a kasuwa da farashi mai jan hankali. A jikin Sennheiser G3, harafin D yana nufin 780 zuwa 822, wanda ya hau kusan daidai kan 791 zuwa 821, inda turakun sabis ke aika 4G zuwa wayoyi. Harafin E yana nufin 823 zuwa 865, mafi yawansa kuma ya faɗa cikin 832 zuwa 862, inda wayoyin ke mayar da amsa. Wannan na biyun ya fi yaudara. A ɗakin da babu kowa sikanin zai ce fili fes yake. Da jama'a sun shigo, kowane aljihu na ɗauke da wayar da za ta iya fitar da miliwat 200, ninkin ƙarfin makirufon sau da yawa.

## Inda ma'abota sana'ar suka saɓa

Wasu injiniyoyin sauti suna ganin maɓallin sikanin ya wadatar, kuma ga masallaci ko coci ko makaranta mai makirufo biyu zuwa huɗu na kamfani ɗaya, maganarsu tana da ƙarfi. Wasu kuma suna cewa sikanin risiba hoto ne na daƙiƙa guda, a cikin zangonta kaɗai, kuma bai san komai game da na'urar wani kamfani da ke kusa da shi ba. Su sun fi yarda da a auna iska da na'urar awo irin RF Explorer, a zuba sakamakon a manhajar lissafi kamar Wireless Workbench ta Shure ko Wireless Systems Manager ta Sennheiser, waɗanda kyauta ake sauke su. Da zarar makirufo ya kai takwas ko goma, ko aka haɗa kamfanoni daban-daban a taro ɗaya, hujja tana tare da waɗannan na biyu.

Akwai saɓani kuma kan yawan yin sa. Mai yawo da kaya daga gari zuwa gari dole ne ya yi a kowane wuri, domin tashoshin Kano ba su ne na Zariya ba. Amma a wurin da na'ura take a kafe, yawan danna maɓallin kan jawo matsalar da babu ita, musamman idan masu kula da kayan suna da yawa. Mafi dacewa a can shi ne a rubuta lambobin a takarda a manna a jikin akwatin, a bar su sai an ji canji.

Saɓani na uku kan zangon 2.4 gigahaz ne, inda ƙananan makirufo irin su Rode Wireless GO da DJI Mic suke aiki. Waɗannan ba sa buƙatar a nema musu mita. Da kansu suke tsalle daga wuri zuwa wuri suna kauce wa cunkoso, shi ya sa masu ɗaukar bidiyo da waya suka rungume su. Masu sukarsu suna nuna cewa zango ɗaya suke da Wi-Fi da Bluetooth, bango da jikin mutum suna tare su fiye da UHF, kuma ba a iya tara su da yawa a wuri guda. Ga hira ta mutum biyu sun isa. Ga dandamalin mawaƙa takwas a filin da ya cika da wayoyi, UHF ce har yanzu ake dogaro da ita.

## Abin da sikanin ba ya gyarawa

Kaso mai yawa na ɗaukewar murya ba shi da alaƙa da mita. Batir mai rauni yana rage nisan zango. Eriyar makirufon hannu tana can ƙasan gindinsa, daidai inda mawaƙa da masu wa'azi ke son dunƙule hannu, jikin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne, yana shanye igiyar. Haka taron jama'a ke yi wa risibar da aka ajiye a ƙasa bayan kujeru. Ɗaga ta sama da kawunan mutane, yadda eriya za ta hango mai magana, yakan magance abin da sikanin goma bai magance ba. Risibar da aka kulle cikin akwatin ƙarfe da eriyoyinta a ciki ma haka take. Ma'aunin RF na fuskar risiba yana raba gardama: idan RF yana faɗuwa, matsalar nisa ce ko eriya ko batir, idan RF yana nuna motsi alhali makirufo na kashe, wani ne ke kan mitar, kuma nan ne sikanin ke da aiki.

Akwai kuma batun sirri, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Makirufon analog a buɗe yake watsa murya, duk mai na'urar da ke kama wannan mita a kusa zai iya sauraro. Wanda aka maƙala wa makirufon kwala ya fita waje bai kashe ba, har yanzu a iska yake. Domin tarukan sirri an yi na'urorin dijital masu kulle murya, irin su Shure ULX-D, mai amfani da tsarin ɓoye bayanai na AES-256.

Ga mai shirin sayen makirufo a yau, lambar da ta fi muhimmanci tana rubuce a ƙaramar takardar da ke bayan risiba da cikin gidan batir: lambobi biyu da MHz a gabansu. Idan sun faɗa tsakanin 470 da 694, na'urar tana cikin filin da har yanzu talabijin da makirufo ke rabawa a wannan ɓangare na duniya. Idan sun haura haka, mai yiwuwa ta shiga gonar kamfanonin waya. Kuma dole lambobin jikin makirufon su yi daidai da na risiba, domin a kasuwar gwanjo ana iya haɗa makirufo mai harafin A da risiba mai harafin B a kwali ɗaya, su kuwa ba su da mita ko guda da suka yi tarayya a kanta.